Ga Mai Tambayar Wane Ɗan Kare Zai Saya Wa Yaransa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa mai bibiyar wannan zaure, akwai tambayar da ta yi ta maimaituwa a cikin saƙonnin da ake aiko mana, har na ga amsa ta ɗaya bayan ɗaya ba zai wadatar ba. Mai tambaya yakan ce: Malam, yara sun matsa mini sai na saya musu ɗan kare irin ƙananan nan na Turai da suke gani a waya, wane iri ne ya fi dacewa da gida mai yara, wanda ba ya girma kuma ba ya cizo? Wani har hotuna yake haɗowa, wannan mai gashi kamar sawun auduga, wancan mai ido kamar na mujiya, wai in zaɓa masa. To, ni limami ne, ba dillalin karnuka ba. Amma tun da ka kawo maganar gaban malami ba ka kai ta kasuwa kai tsaye ba, alama ce akwai abin da ke sosa maka zuciya, kuma a kansa zan yi magana. Rubutun zai yi tsawo. Ka daure ka kai ƙarshensa kafin ka tura kuɗinka Yamai ko Kano.

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, ka tsallake mataki. Ka fara da "wane iri" alhali ba ka amsa "don me" ba. Masu sayar da karnuka suna rarraba su ta girman jiki da tsawon gashi da sanyin hali, ita kuwa shari'a aikin da karen zai yi kaɗai ta duba. Ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ba, ba kuma na tsaron dabbobi ba, ana rage masa ƙiraɗi biyu daga ladan aikinsa kowace rana. A ruwayar Abu Huraira an ambaci ƙiraɗi ɗaya, aka kuma ƙara karen gona cikin waɗanda aka yi wa rangwame. Ƙofofi uku ke nan: farauta, garke, gona. Ka ɗauki ɗan farin karen da ke cikin wayarka ka gwada shi a bakin kowacce, ka ga ta inda zai shiga.

Malamai sun yi saɓani kan girman wannan ƙiraɗi. A hadisin jana'iza an kwatanta ƙiraɗi da dutsen Uhudu. Wasu suka ce shi ne a nan ma, wasu suka ce na nan bai kai wancan ba. Ka ɗauki mafi ƙanƙanta in ka so. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ragin na kullum ne, ba ya hutun Juma'a, ba ya hutun azumi. Ƙananan karnukan nan kuwa sun fi manya tsawon rai, da yawansu suna kai shekara 12 zuwa 15. Shekara 12 kwana sama da 4,000 ke nan. Da za a ce wa manomi akwai gafiya a rumbunsa mai ɗibar tiya guda ta hatsi kowace safiya, ba zai runtsa ba sai ya toshe ramin. Kai kuma da kuɗinka za ka sayo gafiyar, ka yi mata wanka da sabulu.

Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda da wuya ka sami makarantar zaure a ƙasar Gobir da Katsina da ba a karanta ta, ta kawo hukuncin a babukanta na ƙarshe. Ma'anarsa ita ce ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye, sai domin shuka, ko dabbobin da zai raka daji ya dawo tare da su, ko farautar da mutum ke neman abincinsa da ita, ban da ta nishaɗi. Ka lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Farauta da kanta, wadda nassi ya ambace ta da suna, idan ta zama wasa rangwamen ya faɗi a wurin malaminmu. To ina ga karen da tun asali domin wasa aka samar da jinsinsa?

Amma hujjar da nake so ka tsaya a kanta ka yi tunani ita ce wannan. Tambayarka ba sabuwa ba ce, irinta ta taɓa aukuwa a mafi alherin gidaje. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Mala'ika Jibrilu ya yi wa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, alkawarin zuwa a wani lokaci, lokacin ya yi bai zo ba, har abin ya dami Annabi, domin ya san Allah ba Ya saɓa alkawari, manzanninsa ma ba sa saɓawa. Sai ya waiga ya ga ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin gado. Aka fitar da shi, sai ga Jibrilu, ya kuma bayyana cewa karen ne ya hana shi shiga, domin su ba sa shiga ɗakin da ke da kare ko sura. A ruwayar Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo, an faɗi mai kwikwiyon: na Hasan ne ko Husaini.

Ka sake karanta wannan. Ƙaramin kare ne, wanda ko cizon kirki bai iya ba. Na yara ne, kuma ba yaran kowa ba, jikokin da Annabi yake ɗauka a kafaɗarsa, yake tsawaita sujada saboda ɗayansu ya hau bayansa. Duk siffofin da ka jero mini, ƙanƙanta da rashin cutarwa da son da yara ke yi masa, sun taru a wannan kwikwiyo, kuma ba su hana a fitar da shi ba. Kana ganin ka fi Annabi tausayin yara ne? Malamai sun ce mala'ikun da ake nufi su ne na rahama da albarka da nema wa mutane gafara. Masu rubuta ayyuka kam ba sa rabuwa da kai ko ina ka shiga. Wato wanda zai roƙa maka gafara ya tsaya a waje, wanda zai rubuta laifinka yana ciki. Kuma ɗakin da kake so ka saka karen shi ne ɗakin da yaranka ke kwana, inda uwarsu ke sallar dare, inda kake tofa musu addu'a kafin barci.

Na san amsar da ake shiryawa, domin na sha jin ta daga matasa masu ɗan karatu: ai mu Malikawa ne, kuma Imamu Malik ya ce kare mai tsarki ne. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye maka ita don in ci gardama ba. A mazhabarmu duk mai rai mai tsarki ne, da guminsa da yawunsa, har kare, kamar yadda Muhtasar na Shehu Halilu ya tabbatar. Hujjarsu mai ƙarfi ce: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, alhali da bakinsa ya kamo shi, kuma Bukhari ya kawo daga Ibnu Umar cewa karnuka sukan shiga su fita a masallaci a zamanin Annabi ba a yayyafa ruwa saboda haka. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sha a ciki, a wurin Malik bauta ce da bin umarni, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya ne suka ce najasa ce mai kauri. Saboda haka idan kare ya shafi rigarka a hanyar masallaci, ka yi sallarka, babu komai a kanka, kuma masu kwance alwala don sun haɗu da kare waswasi ne ke damun su.

Sai dai tsarkin abu daban, halaccin ajiye shi daban. Alharini mai tsarki ne, amma an hana namiji sa shi. Zinariya mai tsarki ce, amma an hana ci a ƙwaryarta. Malik ɗin da ya ce kare ba najasa ba ne, shi ne ya rubuta hadisin ragin ƙiraɗi a Muwaɗɗarsa, shi ne kuma ya rubuta hadisin Abu Mas'udin Al'ansari da ya hana kuɗin kare, ya jera shi tare da ladan karuwa da abin da ake ba boka. Wanda ya ɗauki rabin maganar Malik da ta yi masa daɗi ya bar rabin da ta yi masa ɗaci, son ransa yake bi, sunan Malik kawai ya ara.

Kan kuɗin ma akwai bayani. Malamanmu sun yi saɓani a sayar da karen da aka yi izinin ajiyewa, har an ruwaito Sahnunu yana ganin halaccinsa ƙwarai, yana cewa shi zai sayar ya yi hajji da kuɗin. Wannan a karen aiki ne. Karen ado bai shiga saɓanin ba a mazhabarmu. Kuma ko da babu wannan hani, ka dubi inda kake zaune. Duk wanda ya yi wayo a shekarar 2005 ya san abin da yunwa ta yi wa yaran jihar Maraɗi, har yau kuma idan damina ta kama, rumbuna suka yi ƙasa, ka leƙa ɗakin masu tamowa a asibiti ka ga abin da ke ciki. Jikkunan da za ka zuba a kan karen, da abincinsa na gwangwani, da sabulunsa, da askinsa, ba zan ce maka haramun ne mutum ya ji daɗin dukiyarsa ba. Amma za a tambaye ka inda ka samo ta da inda ka kashe ta, sai ka tanadi amsar da za ka iya faɗa ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ina girmama ta: Malam, ba ka ganin halin da ake ciki? Ina gani. Tun shekarar 2019 dubban ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako iyaka suka sauka a gundumarmu, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Mutanen Gidan Sori da ƙauyukan Tsibiri na bakin iyaka ba sai an ba su labarin ɓarayin shanu da masu ɗaukar mutane don kuɗin fansa ba. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, idan ya ce yana son karen da zai farkar da shi, ba ni da bakin hana shi. Ibnu Abdil Barri ya halatta ajiye kare don tsaron gida idan buƙata ta tabbata, bisa ƙiyasi a kan ukun da nassi ya ambata. Masu sharhin Risala kuma sun kawo cewa Ibnu Abi Zaidin da kansa, lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro a Ƙairawan, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wannan shi ne fiƙihu, sanin hukunci tare da sanin halin mutane.

To amma mu yi wa juna adalci. Wane ɓarawon shanu ne Ciwawa zai kora, karen da asalinsa daga Meziko yake, wanda nauyinsa da wuya ya wuce kilo 3, wanda shaho ma zai iya yi wa barazana? Kanish da Lhasa da ake taje wa gashi a ɗaura musu ƙyalle, su ne za su kwana a bakin turke? Wani matashi ya ce mini zamani ya canza, karen bana shi ke maganin zomon bana. Na ce madalla da karin magana, amma karen farauta take nufi. Naka wane zomo zai kamo? Idan tsaro kake so da gaske, karen ƙasarmu yana nan, ya san zafinmu, yana cin ragowar tuwo, yana jin motsin baƙo tun daga nesa, kuma sau da yawa kyauta maƙwabci zai ba ka ɗansa. Ga kuma karen Azawak na arewacin Tawa da Mali, dogo siriri mai gajeren gashi, wanda makiyaya suka daɗe suna tsaron zango da farauta da shi. Turawa sun fara kwasarsa zuwa ƙasashensu a shekarun 1970, yau yana cikin jinsunan da suke alfahari da su. Su suna sayen mai aikinmu, mu muna sayen ɗan lelensu.

Shi kansa karen da za ka sayo, ka yi tunanin haƙƙinsa? Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Jinsunan nan masu gajeren hanci kamar Pug, hanyar numfashinsu a matse take, zafi kaɗan ke galabaitar da su, masu yawan gashin kuma an samar da su ne a ƙasashen sanyi. A nan kuwa watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Yara za su yi ɗokinsa mako biyu ko uku, daga nan ya koma hannun ƴar aiki ko almajirin gida, gashin ya cukurkuɗe, kaska da ƙuma su samu wurin zama. An azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya ɗauko dabba daga inda za ta rayu ya kawo ta inda za ta wahala don ya burge baƙi, ya kusanci wannan babi.

Yanzu ga abin da ya fi komai sa ni yin wannan dogon rubutu, kuma ya shafi mai karen Turai da mai karen gida baki ɗaya: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo shi. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe, sannan ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A tsakanin nan rauni ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamu suka fito, yaro ya fara firgita, ya ga ruwa ya kasa haɗiya alhali ƙishirwa na cin sa, to a wannan rana kusan babu wanda ke tashi, ko a Yamai ko a Faransa.

Me ya sa yara? Domin su ne ke rungumar kare, su ja masa wutsiya, su sa fuskarsu a bakinsa. Gajeru ne, cizon yakan same su a fuska ko wuya ko hannu, kuma gwargwadon kusancin rauni da kai, gwargwadon saurin isar cutar. Sannan yaro yakan ɓoye ƙaramin cizo don tsoron duka. Ƙanƙantar kare ba ta rage komai a nan, haƙorin kwikwiyo ya isa ya shigar da cutar. Mai sayarwa zai nuna maka kati ya ce an yi masa allura. Idan katin na gaskiya ne, hakan ya rage haɗari ƙwarai, ba na musu. Amma allurar ana sabunta ta, kuma karen da ke zaune a garin da karnukan titi ke yawo ba a rasa ranar da zai fice ƙofa. Wa zai riƙa tuna ranar sabuntawa, kai da katin rigakafin ɗanka na cikinka ma sai an neme shi a ƙasan akwati?

Kada ka ɗauka likitocin zamani ne suka fara haɗa yawun kare da wannan ciwo. Ibnu Rushdin, mai Bidayatul Mujtahid, ya kawo cewa kakansa, alƙalin Ƙurɗuba wanda ya rasu a shekara ta 520 bayan hijira, yana ganin dalilin umarnin wanke ƙwarya sau bakwai shi ne tsoron kada karen da ya sha ya kasance mahaukaci. Da aka yi masa raddi cewa mahaukacin kare ba ya kusantar ruwa, jikan ya amsa cewa wannan sai ciwon ya yi ƙarfi, a farkonsa yana sha. Malaman mazhabarmu ke nan, shekaru ɗaruruwa kafin Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar farko a Faransa a 1885, yaron kuma ya rayu.

Saboda haka ka riƙe wannan kamar yadda ka riƙe farillan alwala, ke ma uwar gida ki riƙe, domin ke ce a gida lokacin da abin zai faru. Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, kowane irin kare ne, a wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15, a duba agogo, kada a kintata. Kada a zuba toka, ko barkono, ko garin magani, ko gashin karen. Daga nan a nufi asibiti a ranar, a faɗa wa likita cewa cizon kare ne, a karɓi allurar, a kuma cika adadinta a ranakun da aka rubuta ko da rauni ya warke. Idan an san karen, kada a yi gaggawar kashe shi a jefar; a ɗaure shi, a sanar da ma'aikatan kiwo su sa masa ido kwana 10. Amma ba a jiran kwanakin nan kafin a fara yi wa yaron allura. Ku gaya wa yaranku tun yau cewa duk wanda ya zo ya faɗi kare ya cije shi, ba za a doke shi ba.

Ga ƴan'uwana malamai da ake kawo wa irin waɗannan yara, ku ji tsoron Allah. Ku yi addu'a, ku yi tofi, babu mai hana ku, ni ma ina yi. Amma malamin da ya ba da rubutu ya ce wa uba ya koma gida an gama, alhali ya san akwai allurar da Allah Ya sanya waraka a cikinta, ya ci amanar da aka ba shi. Annabin da ya koya mana ruƙya shi ne ya umarce mu da neman magani. Ka yi tofinka a bakin zaure, ka ce su wuce asibiti, in babu kuɗin mota ka sanar a masallaci a haɗa.

Kai kuma mai karen garke ko na gona, rangwamen da aka yi maka yana tare da nauyi. Wurinsa bakin turke ne ko ƙofar gida, ba tsakar ɗaki ba. Ka ware masa kaskonsa, kada ya kusanci randa da tulu. Ka ciyar da shi, kada ka bar shi ya zama ɓarawon kajin unguwa. Ka kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allura tun yana wata 3, ka riƙa sabuntawa. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan daina yaɗuwa a tsakaninsu. Ka kuma sani a mazhabarmu wanda ya ajiye kare mai cizo, aka yi masa kashedi bai kawar da shi ba, abin da karen ya ɓata yana wuyansa.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya tura yara jifan karnuka. Umarnin kashe karnuka da aka yi a Madina an ɗage shi daga baya. An gafarta wa wani mutum saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, an kuma gafarta wa wata karuwa daga Banu Isra'ila saboda irin wannan aiki. Yaran da ke ɗaure wa kwikwiyo igiya suna jan sa a rana, da manyan da ke kallo suna dariya, suna cikin zunubi, kuma irin wannan tsokana tana jawo cizo.

Saura buƙatar yaranka, wadda ita ce asalin tambayar. Son dabba a zuciyar yaro alheri ne, kada ka kashe shi. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umairin, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma da tsuntsun ya mutu Annabi da kansa ya tsaya yana rarrashinsa. Abu Huraira ya samu alkunyarsa ne daga ƴar kyanwar da yake ɗauka. Ka ba su tantabaru, ko zomaye, ko kaza da ƴaƴanta, ko kyanwa, amma ita ma a yi mata allura domin tana iya ɗaukar ciwon. Mafi alheri a ganina, ka je kasuwa ka saya wa kowane yaro ƴar jar akuyar Maraɗi, ka ce tasa ce. Ita ce akuyar da aka san ƙasarmu da ita saboda yawan haihuwar tagwaye da nono da kyan fata. Yaro zai yi mata suna, ya yanko mata ciyawa, ya kwana da damuwa ranar da ta ƙi cin abinci, ya yi tsalle ranar da ta haihu. Duk abin da ake cewa kare yana koya wa yaro na tausayi da ɗaukar nauyi, akuya za ta koya masa, ta ƙara masa da kuɗin littafi da rigar salla. Haka iyayenmu suka yi mana, kuma da yawa daga manyan ƴan kasuwar da kake gani da ƴar akuya ɗaya suka soma.

Wanda kuma ya riga ya saya kafin wannan bayani ya iso gare shi, kada ya kai karen daji ya yar, kada ya sa masa guba. Ya mayar wa wanda ya sayar masa idan zai karɓa, ko ya ba wanda zai iya kula da shi. Idan karen mai haushi ne da zai iya farkar da mutane, kuma akwai dabbobi ko lambu da ke buƙatar hakan da gaske, ya mayar da shi can ya zama na aiki. Kafin a samu mafita, a fitar da shi daga ɗakuna yau ɗin nan, a yi masa inuwa, a ajiye masa ruwa, a duba katin allurarsa. Yara za su yi kuka. Ka zaunar da su ka ba su labarin kwikwiyon Hasan da Husaini, sannan ka tafi da su kasuwar dabbobi su zaɓa da kansu.

Masu tambaya kan hukuncin naman da karen farauta ya kamo da sharuɗɗan horonsa, wannan babi ne daban, za mu kawo shi a darasi mai zuwa in Allah Ya so. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.